ZUBAR GASHI: KU ƘIDAYA WATA UKU BAYA

1. Abin da ya kan faru a gida

Ya ku 'yan'uwa masu koyon karatu, yau za mu yi magana a kan gashin kai. Wataƙila wani ya ce, "Gashi kuma? Ai ba ya ciwo." Gaskiya ne, ba ya ciwo. Amma zubarsa ta sha raba zumunci, ta kuma sha cinye kuɗin magidanci. Saboda haka ku karanta a hankali.

Mu ɗauka ga wata mata a wani ƙauye na ƙasar Zurmi. Ta haihu lafiya. An yi suna, ta yi wankan jego, ta gama arba'in. Da yaro ya kai wata uku, sai ta tafi wurin makitsiya. Aka tsefe kai, aka sa mataji. Sai ga gashi yana biyo mataji damƙi-damƙi. Makitsiya ta riƙe baki ta ce, "Yaya, me ya sami kanki haka?"

Matar ta komo gida tana kuka. Uwarta ta duba ta ce, "Wannan ba banza ba, hannu aka sa miki." Nan da nan zargi ya faɗa kan kishiya. Maigida ya sayar da akuya, aka kai wa boka kuɗin. Bayan wata shida gashi ya tsiro, boka ya ce aikinsa ne. Akuya ta tafi, kishiyoyi kuwa har yau ba su ga maciji da juna.

To, da akwai wanda ya san abin da ke cikin wannan darasi a gidan nan, da akuya tana nan, da zaman lafiya yana nan. Gashin nan ko ba a yi masa kome ba zai tsiro. Bari mu ga dalili.

2. Yadda gashi ya ke rayuwa

A kan mutum akwai gashi wajen 100,000. Kowane ɗaya yana da ɗan raminsa a cikin fata. A ƙasan ramin nan ne saiwarsa ta ke. Jini ne ke kai wa saiwar abinci, kamar yadda ruwa ke kai wa shuka.

Gashi ba ya girma har abada. Kowane ɗaya yana da zamani uku.

Na farko, zamanin girma. Wannan ya kan ɗauki shekara 2 zuwa 6. A cikinsa gashi yana ƙaruwa wajen santimita 1 kowane wata, watau kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa.

Na biyu, zamanin tsayawa. Wannan gajere ne, mako 2 ko 3 kawai. Saiwa ta daina aiki, ta tsuke.

Na uku, zamanin hutu. Wannan wajen wata 3 ne. Gashi yana nan zaune a raminsa, amma ba ya ƙaruwa. Idan hutu ya ƙare, sai tsohon gashi ya faɗi, sabo ya tsiro daga ramin nan dai.

Ku dubi itacen kuka. Da rani ganyenta duka ya kan zube, ta tsaya tsirara. Wanda bai sani ba sai ya ce ta mutu. Da bazara sai ga sabon toho. Gashi ma haka ya ke, sai dai da bambanci guda. Ganyen kuka tare ya ke zuba. Gashin mutum kuwa kowane ɗaya da nasa lokaci. A cikin gashi 100, wajen 85 zuwa 90 suna girma, 10 zuwa 15 suna hutu. Shi ya sa kan mai lafiya ba ya tsayawa tsirara kamar kuka.

3. Ɗan lissafi

Mutum mai lafiya ƙalau ya kan zubar da gashi 50 zuwa 100 kowace rana. Wannan ba cuta ba ce. Namiji mai yawan aski ba ya lura, don gashinsa gajere ne. Mace ita ke gani.

Ku ɗauko allo mu yi lissafi. Mace ta yi kitso, ya kwana 14 a kanta. Gashin da ya saki a kwanakin nan bai faɗi ƙasa ba, kitso ya riƙe shi. Idan 50 ke saki kowace rana, 50 sau 14 ya zama 700. Idan 100 ne, ya zama 1,400. Ran da aka tsefe, duka za su fito a mataji lokaci guda. Saboda haka ganin gashi ranar tsifa kaɗai ba abin tsoro ba ne. Abin dubawa shi ne, ya fi na kullum yawa ƙwarai? Kitso ya ƙanƙance? Ana hangen fatar kai a inda da ba a gani? In haka ne, sai a nemi dalili.

4. Me ya sa sai bayan wata uku?

Jiki kamar magidanci mai hankali ne. Idan hatsi ya yi ƙaranci a rumbu, ba ya sayen kayan ado. Iyali ya ke fara ciyarwa. Haka jiki ya ke yi idan wahala ta same shi. Zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa su a ke fara ba ƙarfi. Gashi kuwa ado ne, sai a ce masa ya dakata.

Ran nan gashi mai yawa ya kan bar zamanin girma tun lokacinsa bai yi ba, ya shiga hutu. Maimakon 10 cikin 100, sai ya zama 30 ko fiye suna hutu tare. Amma ku tuna, gashi mai hutu ba ya faɗuwa nan take. Sai ya cika watanninsa. Shi ya sa mutum zai yi ciwo, ya warke, ya koma gona, har ya manta. Bayan wata 2 ko 3 sai gashi ya fara zuba. Wani ya kan zubar da 300 a rana ɗaya.

Wannan jinkiri shi ke ruɗin mutane. Su kan duba abin da ya faru jiya ko shekaranjiya. Wa ya taɓa kaina? Wane sabulu na yi wanka da shi? Wa ya harare ni a bakin rijiya? Alhali dalili yana can baya. Wanda gashinsa ke zuba, ya ƙidaya wata uku baya, ya tambayi kansa, me ya same ni a lokacin?

Wani likitan fata a Amurka mai suna Albert Kligman shi ya bayyana wannan a shekarar 1961. Ya sa masa suna da harshen likitoci, telojen efulubiyum, watau zubar gashin da ke hutu.

Alamunta uku ne. Gashi yana zuba daga ko'ina a kai, ba wuri ɗaya ba. Fatar kai lafiya lau, babu ƙurji, babu ruwa. In kuma aka ɗauki gashin da ya faɗi aka duba gindinsa a haske, za a ga ɗan farin ƙullutu kamar ƙwayar gero ƙarama. Mutane su kan ce saiwa ce ta fita. Ba ita ba ce. Saiwa tana nan a cikin fata, tana shirin fito da sabo.

5. Dalilan da ke kawo ta

Na ɗaya, zazzaɓi mai zafi. Zazzaɓin cizon sauro, da taifot, da ƙyanda, da sanƙarau, da ciwon huhu, duk suna iya jawo ta. A ƙasarmu zazzaɓin sauro ya fi tsanani daga tsakiyar damina zuwa kaka. Ku ƙidaya wata uku gaba, sai ku faɗa cikin hunturu. Shi ya sa wasu ke cewa iskar hunturu ce ta zubar musu da gashi. Hunturu yana busar da gashi ya sa ya karye, wannan gaskiya ne. Amma gashin da ya fito da farin ƙullutu, sau da yawa zazzaɓin damina ne ya bar shi.

Mutanen Zurmi ba su manta da sanƙarau ba. Annobar da ta fara a ƙarshen shekarar 2016 a ƙasar Zurmi aka fara ganinta. Ta bazu cikin Zamfara da Sakkwato da Katsina da wasu jihohi a 2017, ta kashe mutum fiye da 1,000. Wanda Allah ya tashi kafaɗunsa daga irin wannan ciwo, in ya ga gashinsa na zuba bayan wata uku, kada ya ce ciwon ne ya komo. Sawun ciwon ne kawai. Haka aka gani a ƙasashe da yawa na duniya a lokacin cutar korona, daga shekarar 2020. Mutane masu yawa da suka warke sun je wa likitoci da kukan zubar gashi.

Na biyu, haihuwa. Idan mace na da ciki, wasu sinadarai na jikinta su kan ƙaru. Su ne ke hana gashi shiga hutu. Shi ya sa gashin mai ciki ya kan cika ya yi kyau. Da ta haihu sai sinadaran su sauka. Duk gashin da aka riƙe wata da watanni sai ya shiga hutu tare. Bayan wata 2 zuwa 4 ya zube. Ya fi nunawa a gaban goshi da gefen kunne. Yawanci kafin yaro ya shekara kai ya cika. Ba shayarwa ce ke kawo shi ba, saboda haka kada a yaye yaro don gashi. Jariri ma ya kan zubar da gashin da aka haife shi da shi a watanninsa na farko, wani ya tsiro.

Na uku, zubar jini da tiyata. Wadda ta zubar da jini da yawa wurin haihuwa ko ɓari, da wanda aka yi wa aiki a asibiti, da wanda ya ji mummunan rauni, duk suna iya ganin haka.

Na huɗu, yunwa da tamowa. Gashi da abinci mai gina jiki a ke yinsa, irin su wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi da nama. Wanda ya daɗe yana cin tuwo da miya tsinkakkiya kaɗai, gashinsa zai nuna. Haka wanda ya rame farat ɗaya. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da Ma'aikatar Lafiya sun auna yara ƙanana fiye da 97,000 a ƙasar Shinkafi da ta Zurmi. Suka tarar fiye da ɗaya cikin kowane huɗu yana da tamowa. Yaro mai tamowa gashinsa ya kan yi laushi, ya yi ja-ja, ya yi tsilla-tsilla, in an ja shi ya fita ba zafi. Wannan ba maganar ado ba ce. Ran yaron ne ke cikin haɗari. A kai shi asibiti ran nan, musamman in ƙafafunsa sun kumbura.

Na biyar, ƙarancin jini. Jiki na bukatar wani sinadari da a ke kira sinadarin ƙarfe don ya yi jini. Mata sun fi rasa shi, saboda al'ada da ciki da haihuwa kusa-kusa. Tsutsar ciki da tsargiya su ma suna rage jini a ɓoye. Alamunsa su ne kasala, jiri, haki in an ɗan yi aiki, da farin cikin ido da tafin hannu.

Na shida, ciwon maƙoƙo. A gaban wuya akwai wata 'yar tsoka da ke daidaita aikin jiki. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. In aikinta ya yi yawa, ko ya yi kaɗan, gashi ya kan zuba. Ba kullum a ke ganin kumburi ba, sai an auna jini a ke ganewa.

Na bakwai, tashin hankali mai tsanani. Mutuwar ɗa ko miji, tsoro mai yawa, rashin barci na dogon lokaci. Ba sai an gaya wa mutanen Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda abin da 'yan bindiga suka jawo a shekarun nan ba. Wanda ya baro ƙauyensa da dare, ya bar gona da dabbobi, ya zo ya raɓe a gari, wahala uku ce ta haɗu a kansa: tsoro, yunwa, da ciwo. In gashin irin wannan baiwar Allah ya zube, tausayi ya kamata a yi mata. Kada a yi mata dariya, kada a ƙyamace ta. Ba a ɗaukar wannan daga wani.

Na takwas, wasu magunguna. Akwai na hawan jini, da na farfaɗiya, da na tsinka jini, da ke sa gashi zuba ga wasu mutane. Mace ma in ta daina shan ƙwayar tazarar haihuwa ta kan ga haka na ɗan lokaci. Amma kada kowa ya daina shan maganin da likita ya ba shi don gashi. Ya koma ya gaya wa likita tukuna.

Wani lokaci a kan bincika duka ba a sami dalili ba. Likitoci sun ce wajen mutum ɗaya cikin uku haka ne. Wannan ba ya nuna sammu ne. Yawanci shi ma ya kan tsaya da kansa.

6. Ire-irenta

In an duba tsawon lokaci, iri biyu ce.

Akwai gajeruwa. Ita ce ta fi yawa. Wahala ta zo sau ɗaya ta wuce, kamar zazzaɓi ko haihuwa. Gashi ya yi ta zuba wata 3 zuwa 6, sa'an nan ya tsaya. Sai a ga ƙananan gashi suna tsirowa a gaban goshi kamar sabuwar ciyawa. Amma ku tuna da lissafinmu, santimita 1 a wata. Kafin ya yi tsawon da za a kama a kitso sai an yi haƙurin shekara ko fiye.

Akwai kuma doguwa. Ita ce wadda ta wuce wata 6 ba ta tsaya ba. Sau da yawa wannan na nuna dalilin yana nan bai tafi ba, kamar ƙarancin jini, ko ciwon maƙoƙo, ko yunwa, ko wata cuta mai daɗewa irin ta ƙoda ko hanta. Akwai kuma wadda ta kan sami mata masu shekara 30 zuwa 60 ba tare da wata cuta ba. Ta zo ta tafi, ta zo ta tafi, har shekaru. Ko ita ma ba ta mai da kai sanƙo.

In kuma an duba yadda abin ke faruwa a cikin fata, wani likita mai suna Headington ya kasa ta gida biyar a shekarar 1993. Ga su a taƙaice:

(a) Gashi ya bar girma da wuri. Wannan ita ce ta zazzaɓi.

(b) Gashi ya daɗe yana girma fiye da ƙa'ida, sa'an nan ya shiga hutu tare. Wannan ita ce ta mai jego.

(c) Zamanin girma ya gajarta. Gashi ba ya yin tsawo, yana yawan zuba.

(d) Hutu ya gajarta, tsohon gashi ya faɗi da wuri. A kan ga wannan in an fara shafa wani maganin asibiti na tsirar da gashi.

(e) Hutu ya yi tsawo, sa'an nan gashi ya zube lokaci guda in yanayi ya sauya. Masu kiwon raƙuma sun san wannan, don raƙumi ya kan zubar da gashinsa sau ɗaya a shekara. Mutum ma ya kan taɓa yin haka kaɗan.

7. Abubuwan da ba ita ba ne

Ba kowace zubar gashi ce irin wannan ba. Ku koyi bambantawa.

Makero ya fi kama yara. Ya kan ci wuri ɗaya zagaye kamar kwabo, da farin gari da ƙaiƙayi. Wannan ana ɗauka, ta aska da mataji da hula. Maganinsa na sha ne daga asibiti, shafawa kaɗai ba ta kashe shi. Wanzami ya tsabtace askarsa, ko ya sa sabuwar reza ga kowane kai.

Sanƙo gado ne. A hankali ya ke zuwa, shekara da shekaru, daga goshi ko tsakar kai. Ya fi yawa ga maza.

Cin gaban goshi na mata, sau da yawa kitso mai tsauri ne ke kawo shi. In kitso ya hana ki barci, ko ya fito miki da ƙuraje a gefen kai, ya yi tsauri. Wannan in an daɗe ana yi, saiwa ta kan mutu, gashi ba ya komowa. Iyaye mata, ku sassauta wa 'yan mata kitso.

Karyewar gashi daban ce. Man miƙar da gashi mai zafi da bushewa su ke kawo ta. Gashin da ya karye guntu-guntu ne, ba shi da farin ƙullutu a gindi.

Akwai kuma wadda wuri ɗaya ya kan goge sumul kamar tafin hannu, ba gari ba ƙaiƙayi. Ita ma a nuna wa likita.

8. Abin da za a yi

Da farko a kwantar da hankali. Irin wannan zubar ba ta kwashe gashi duka. Da wuya ta kai rabi. Damuwa kuwa ƙara ta ta ke yi.

Na biyu a ƙidaya wata uku baya. Wanda ya iya rubutu ya taimaki wanda bai iya ba. A rubuta watan da aka yi ciwo ko aka haihu, da watan da gashi ya fara zuba. Wannan takarda za ta taimaki malamin asibiti ƙwarai. Ga amfanin karatu ke nan.

Na uku a gyara abinci gwargwadon hali. Ba sai mai kuɗi ba. Wake, gyaɗa, waken suya, daddawa, zogale, rama, alayyahu, miyar kuka, nono, ƙwai, fara, busasshen kifi, da hanta in an samu. A haɗa da tumatir ko lemo ko gwaba, suna taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa hana shi ya ke yi, saboda haka kada a sha shi tare da abinci. A yi amfani da gishiri mai aidin. Maigida, mai jego ta fi ka bukatar tsokar da ke cikin miya.

Na huɗu a tausaya wa kai. A yi kitso manya, sassauƙa. A taje da mataji mai manyan haƙora. A shafa man kaɗe ko man da aka saba don laushi. Wanke kai ba ya ƙara zubar, gashin da ya riga ya saki ne ke fita. Aski ma ba ya ƙara yawan gashi, ba ya kuma rage shi. Kada a yi tsaga, kada a shafa abu mai ƙuna.

Na biyar a tsare kuɗi. A kasuwa za ku ga masu kwalabe suna rantsuwa maganinsu na tsirar da gashi a kwana bakwai. Kun riga kun san gashi ba ya sauri haka. Kuɗin kwalba ɗaya gara a sayi wake da ƙwai.

Na shida a yi rigakafi. A kwana cikin gidan sauro. Mai zazzaɓi a auna jininsa da wuri. Mai ciki ta je awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da a ke ba ta. A kai yara allurar ƙyanda da sauransu.

9. Yaushe za a tafi asibiti?

A tafi idan zubar ta wuce wata 6. A tafi idan akwai kasala, haki, jiri, ko farin ido. A tafi idan wuya ya kumbura, ko zuciya na bugawa da sauri, ko mutum na ramewa ba dalili. A tafi idan jinin al'ada ya yi yawa, ko ana fitsarin jini. A tafi idan akwai ƙurji, ruwa, ko tabo a kai. Yaro kuwa ba a jira da shi ko kaɗan.

A fara da ƙaramin asibitin da ya fi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum babban asibitin Zurmi, ko na Shinkafi, ko na Kaura Namoda, ko Gusau. Likita zai yi tambayoyi, ya duba kai, ya ɗan ja gashi ya ga nawa za su fito. Wataƙila ya auna jini. In an gano dalili aka yi maganinsa, gashi zai komo da kansa.

Yanzu ku koma ga matar da muka fara da ita. Da makitsiya ta san wannan, da cewa za ta yi, "Yaya, yaron nan watansa nawa? Uku? To, kwantar da hankalinki, na jego ne, zai tsiro. Ki dai ci abinci, in kina jin jiri ki je a auna jininki." Magana ɗaya da ta tsare akuya, ta tsare zumunci. Makitsa da wanzamai da ungozomomi su ke fara ganin kan mutane. Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta musu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

TAMBAYOYI

1. Gashi nawa mai lafiya ke zubarwa a rana?
2. Faɗi zamani uku na rayuwar gashi.
3. Mace ta yi kitso ya kwana 10. Idan gashi 80 ke saki kowace rana, nawa za a gani ranar tsifa?
4. Wani ya yi zazzaɓi mai zafi a watan Satumba. A wane wata gashinsa zai iya fara zuba?
5. Me ya sa gashin mai jego ke zuba?
6. Faɗi dalilai biyar da ke kawo zubar gashi.
7. Yaya za ka bambanta makero da irin wannan zubar?
8. Rubuta sunayen abinci shida masu gina jiki da a ke samu a garinku.
9. Idan ka ga yaro gashinsa ya yi ja-ja, ƙafafunsa sun kumbura, me za ka yi?